Neman shawara: bincike kan sake fasalin kod a digiri na biyu

Hauwa_Kwamfuta:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta, malamina ya amince in yi aiki kan sake fasalin kod, wato gyara ginin manhaja ta ciki ba tare da aikinta ya canza ba. Shirina in ɗebo ayyukan da aka rubuta da yaren kod na Java daga GitHub, shafin ajiye kod, in tace saƙonnin komit (komit shi ne canjin da aka ajiye a kod, tare da ɗan bayaninsa) masu ɗauke da kalmar "refactor", wato sake fasali, in ƙirga. Anya wannan zai tsaya a gaban kwamiti? Laftof ɗina ma ta tsufa, kada a ba ni abin da zai kwana yana juyawa.

Baban_Ilham:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki dogara da saƙon komit. Emerson Murphy-Hill da Chris Parnin da Andrew Black sun duba wannan a 2009, suka tarar masu manhaja galibi ba sa ambaton gyaran a saƙon. Mutum yana cikin toshe matsala ko ƙara sabon abu, sai ya canza sunan aji (wani rukuni na kod), ya tsaga dogon yankin kod gida biyu, ya wuce bai faɗa ba. Kin ga tacewarki tsiraru kawai za ta kama. Sun kuma gano kusan kashi 90 cikin 100 na gyaran da hannu ake yi, alhali Eclipse, manhajar rubuta kod, na da maɓallin yin sa. A ganina nan tambaya mai daɗi take.

Ki nemi RefactoringMiner, kayan aikin gano irin wannan gyara, na Nikolaos Tsantalis, na Jami'ar Concordia a Kanada. Yana kwatanta kod ɗin kafin komit da bayansa, ba sai an harhaɗa manhajar ba. Ki fara da ayyuka biyar, laftof ɗinki za ta iya.

Sani_Dev:
Yallabai ya yi gaskiya, amma ni ban ga laifin masu yi da hannu ba. Tun 2007 Brett Daniel da Danny Dig da abokan aikinsu a Illinois suka gwada injinan gyara na Eclipse da NetBeans, suka tono kurakurai a dukkansu. Ni dai canza suna nake bar wa IntelliJ, manhajar da nake rubuta kod da ita, sauran sai na gani da idona, in sake gudanar da gwaji.

Dakta_Zainab:
Hauwa, babin nazarin ayyukan baya kada ya fara daga littafin Martin Fowler na 1999. Ki koma kundin William Opdyke na 1992, wanda Ralph Johnson ya duba, shi ya shimfiɗa sharuɗɗan da za a cika kafin a taɓa kod. Kuma duk abin da RefactoringMiner ya ce ya gano, ki zaɓi wasu ki tantance da kanki. Mai jarrabawa na waje zai tambaya.

Hauwa_Kwamfuta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Dakta, komit nawa ya kamata in tantance da hannu kafin a ce samfurin ya isa?