Maigida ya yi faɗa da malamin ɗanmu, yanzu ya ce makarantar ta ƙare

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa. Ni uwa ce a Argungu, ina neman shawara. Ɗana yana aji huɗu a firamaren gwamnati, sakamako ya fito an ce zai maimaita aji. Malamin ya ce yaro bai iya haɗa baƙi ba, kuma rabin zango ba ya zuwa. Fashin gaskiya ne: idan shinkafa ta fara fidda kai babansa na tafiya da shi fadama koron tsuntsayen jan-baki, damina da rani. Baban ya je makaranta da zafi, malamin kuma ya ce masa a gaban ɗalibai wai ya fi son buhun shinkafa da ɗansa. Tun ranar ya rantse yaro ba zai koma ba. Yaron kuwa kuka yake, yana son karatunsa. Ya zan yi?

Tsohon hedimasta daga Jega:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Malamin ya yi kuskure babba. Ba a cin fuskar magidanci a gaban yara, ko da gaskiya na hannunka. Amma maganar maimaita aji kada ki ɗauke ta ƙiyayya. Na ga yaran da aka yi ta turawa gaba don gudun fushin iyaye, suka isa ƙaramar sakandare ba su iya rubuta sunan garinsu ba, daga nan suka watsar da kansu. Wanda ya tsaida ɗanki ya duba littafinsa ke nan. Kada ki je wurin malamin da kanki, maigidanki zai ga kin bi bayan wanda ya wulaƙanta shi. Ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, wansa ko limamin unguwa, ya sami hedimasta. Makarantun gwamnati suna da kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC, akwai masu unguwa da iyaye mata a ciki, irin wannan sulhun aikinsu ne. Malamin ya ba da haƙuri a ofis, sannan a yi zancen yaro.

Wata malama daga Birnin Kebbi:
Baba ya faɗi gaskiya, amma a ji tamu. Aji cike maƙil, malami ɗaya, yaro ya ɓace makonni ya dawo an wuce shi, uba kuma bai taɓa leƙowa ba sai ranar da sakamako ya ɓaci. Taron iyaye da malamai (PTA) ma kujeru muke yi wa jawabi. Yaya, ki riƙa aika wa malamin gaisuwa kina tambayar yadda yaro yake, wallahi yana canza abubuwa.

Manomi daga Suru:
Ku da ba ku noma ba ku san jan-baki ba. Garke ɗaya ya sauka da safe, kafin azahar wahalar wata huɗu ta tafi. Mutumin ga ba mugunta yake yi ba, ladan ɗan ƙwadago ne babu. Mu abin da muka yi, maƙwabtan gona muka haɗa kuɗi muka ɗauki samari biyu, yara kuma suna karɓarsu bayan an tashi makaranta da ranar Asabar.

Wani ɗalibin lauya:
Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta wa iyaye karatun shekara 9, firamare da ƙaramar sakandare. In hedimasta ya ƙi saurara, akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.

Inna daga Gwandu:
Ɗana ajiye doka tukuna, gidan aurenta ne. Ɗiyata, rantsuwar ce ta ɗaure shi, yana jin kunyar janyewa. A tuna masa akwai kaffara: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, in babu hali azumin kwana uku. Bari liman ya faɗa masa, ba ke ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Wansa zai zo daga Kamba ranar Juma'a, zan fara da shi. Baba manomi, nawa kuke biyan samarin a wata?