Imel na shigowa amma ba ya fita, tsofaffin kuma sun ɓace daga waya

Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum. Don Allah masana ku agaza min. Mako uku ke nan da na sa Thunderbird, manhajar karanta imel, a kwamfutata, saboda idona ya gaji da ƙananan rubutun waya. Saƙonni na shigowa lafiya lau, amma duk wanda na rubuta sai ya maƙale, can akwati ya fito wai an kasa haɗuwa da sabar SMTP, wato kwamfutar kamfanin imel da ke fitar da saƙonni. Kalmar sirri kuwa na sake ta ya fi sau biyar.

Wannan ma da sauƙi. Jiya na buɗe waya zan nemo hoton takardar kammala karatun 'yata da ta turo min bara, na tarar babu. Duk saƙon da ya haura mako biyu ya tafi. Wallahi ban runtsa ba. Sai na uku, ina son bibiyar zauren lissafi na sci.math a Usenet, tsohon dandalin tattaunawa na intanet, amma jerin zaurukan ya ƙi fitowa.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wa'alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, ina kyautata zaton saƙonninka na nan cikin kwamfutar. Alama ta nuna POP ka zaɓa lokacin saiti. Shi POP kwaso wasiƙu yake ya ajiye a na'ura ɗaya, kuma a Thunderbird saitinsa na asali yana barin kwafi a sabar kwana 14 ne kacal, sannan ya goge. Wayarka kuwa sabar take leƙawa, shi ya sa ta ga wayam.

Kafin ka taɓa komai, rufe manhajar, ka kwafi jakar Profiles da ke cikin %APPDATA%\Thunderbird zuwa filas. Sannan ka cire alamar kwana 14 ɗin, ka buɗe sabon asusu da IMAP, wanda ke barin wasiƙu a sabar, a kan lambar mashiga (port) 993. Ka kwafi saƙonnin daga tsohon akwati zuwa sabon, kaɗan-kaɗan, za su koma sabar, wayar ma ta gan su. Don Allah kada ka goge asusun POP ɗin sai ka tabbatar da idonka. Na taɓa yin wannan garajen da wasiƙun shekara shida, har yau abin na ci min rai.

Hajiya Mai Ɗab'i:
Ƙari a kan bayanin ɗan'uwa. Baba, hanyar karɓa daban, ta aikawa daban, don haka shigowar saƙo ba ta nuna saitin SMTP ya yi daidai ba. Duba lambar: in 25 ce, kamfanonin intanet da yawa sun toshe ta. Sa 587 da STARTTLS, ko 465 da SSL/TLS (hanyoyin tsaron haɗi ne su biyun), kada ka cakuɗa su. Sunan shiga kuma galibi cikakken adireshinka ne. In ya ƙara ƙin kalmar sirri, to wasu masu imel ba sa karɓar ta kai tsaye yanzu. Gmail ya daina tun 2022, sai dai OAuth2 (shiga ta shafin Google kansa) ko kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16.

Usenet kuma sai da sabar NNTP, wadda ke kawo zaurukan. Sabar Eternal September kyauta ce bayan rajista, lamba 563. Ka kunna zaɓin da ke sa manhajar ta nemi sunanka duk lokacin haɗuwa, in ba haka ba zaurukan gidansu kaɗai za ka gani.

Malamin Lissafi:
Allah ya saka muku da alheri. Ashe 25 ce a wurin, na mayar 587, saƙon farko ya fita nan take. Hoton takardar ma na gan shi a kwamfuta, sai da na ƙura masa ido na ɗan lokaci. Yanzu saƙo 300 sun koma waya, saura kusan 4,000. Malam Mai Gyara, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafin, daga farko zan sake ko zan iya ɗorawa daga inda ya tsaya?