Ranar barin masauki a Indiya: kalmomin Hindi da suka fisshe mu

Mai jinyar Baba, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata mai kamawa ƙanina zai raka mahaifiyarmu Delhi aikin gwiwa, shi ya sa nake roƙon duk wanda ya taɓa zama a otal ko gidan baƙi a Indiya ya ba mu labarin yadda ya ƙare da su ranar fita, da kalmomin da suka yi masa rana. Ranar shiga ba ta da wuya, direban asibiti ne zai kai ka ya yi maka magana. Ranar fita kuwa kai kaɗai ne, ga mara lafiya, ga kaya, ga jirgi ba ya jira.

Ni ga abin da ya same ni. Sati bakwai muka yi da Baba a wani ƙaramin gidan baƙi a kudancin Delhi. Jirginmu mai bi ta Addis Ababa ne, zai tashi can tsakar daren Laraba, don haka Alhamis aka rubuta a tikiti. Laraba da safe na sauko na ce wa yaron da ke kan teburin karɓar baƙi "kal jana hai", wato gobe za mu tafi, saboda kwanan watan tikitin nake kallo. Ya kaɗa kai irin nasu, ya ce "thik hai", wato to, shi ke nan. Ƙarfe goma na dare na sauko da akwatuna, babu mota, ba a haɗa lissafi ba, manaja ya tafi gida. Yaron sai maimaita min yake "ap ne kal bola", ai gobe ka ce. Kuma gaskiyarsa. Abin da ya kamata in faɗa shi ne "aj rat das baje nikalna hai", yau da dare ƙarfe goma za mu fita. Baba na zaune a keken marasa lafiya a bakin ƙofa, cikin sanyin Janairu, ya lulluɓa da bargo yana jan carbi, bai ce min uffan ba. Wannan shirun nasa ya fi komai tsaya min a rai. Sai da aka taso manaja ta waya, muka biya, muka samu mota da kyar. Aj yau, kal gobe, subah safe, sham yamma, rat dare. Waɗannan biyar ɗin su na fara rubuta wa ƙanina.

Ɗan Kwari

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ba Hajiya sa'ar aiki.

Malam, ai wannan kal ɗin ta fi haka rikici, domin ita ce gobe, ita ce kuma jiya. A Surat nake sarin yadi, na kwana huɗu a wani otal kusa da tashar jirgin ƙasa. Na biya manaja kuɗina gaba ɗaya tun daren jiya don in yi sammako. Da asuba na fito, maigadi da wani yaro suka ce kuɗi. Na ce "paisa kal", ina nuna baya da hannu. Su kuwa suka ɗauka gobe nake cewa zan biya, ga ni da kaya niƙi-niƙi ina shirin barin gari. Yaron ya je ya tsaya a gaban akwatina. Ba su yi min rashin kunya ba, amma ba su matsa ba. Wani baƙo da ya fito shan shayi ne ya tambaye ni da Turanci, sannan ya juya ya ce musu "kal de diya". Shi ke nan, suka buɗe littafi suka gani. Ƙarshen maganar ne ke rarrabewa: "kal de diya" na bayar jiya, "kal dunga" zan bayar gobe. Tun daga ranar ba na biyan ko sisi sai na ce "rasid dijiye", a ba ni rasit. Kalmar kusan irin tamu ce, ba ta da wuyar riƙewa.

Ma'aikaci daga Kaduna

Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Sau biyu ina zuwa taro, Delhi da Mumbai, da Turanci na shiga da Turanci na fita. Abu ɗaya kawai na koya, kuma ya yi min amfani: "pakka bil". Tun da suka kawo harajin GST a Yulin 2017, rasit na gaske shi ne mai lambar harajin otal ɗin a jiki. Wanda aka rubuta da biro a 'yar takarda "kacca bil" suke ce masa. Wanda zai dawo ya kai wa ofis lissafin kuɗin tafiya, pakka zai nema.

Ɗalibi a Noida

Ranka ya daɗe, a manyan otal haka ne, Turanci ya isa. Amma yawancin mutanenmu masu jinya ba can suke sauka ba. A ƙananan gidajen baƙi manaja ne kaɗai ke jin Turanci sosai, kuma da dare ba ya nan. Wanda za ka tarar shi ne yaron dare, mai ɗaukar kaya, da direba, galibi 'yan ci-rani daga Bihar ko Uttar Pradesh. Shekarata ta huɗu ke nan a nan, kuma kusan duk wata sai an kira ni in je in taya wani daga gida fita daga masauki. Abin da na fi ganin yana kayar da mutane ba gaisuwa ba ce, agogo ne da lissafi.

Suna da kalma ta musamman ga ɗaya da rabi, "derh", da kuma biyu da rabi, "dhai". Babu "ek" (ɗaya) ko "do" (biyu) a cikinsu da za ka kama. Derh baje ƙarfe ɗaya da rabi, dhai baje biyu da rabi. Haka a kuɗi: derh sau rufi 150 ne a kuɗin Indiya, dhai hazar 2,500. Daga uku zuwa sama sai su sa "sarhe" a gaba, sarhe tin uku da rabi. "Sawa" da kwata ke nan, "paune" kuma saura kwata. Paune ɗin nan ita ce mai haɗari. Wani dattijo da na raka, direba ya ce masa zai zo "paune car baje", shi car kawai ya kama, ya san huɗu ce, ya shiga wanka da niyyar fitowa ƙarfe huɗu. Direba ya iso huɗu saura kwata, ya yi ta kira ba a ɗauka ba, har ya fara shirin juyawa. Da ba na harabar wurin, da an rasa motar.

Akwai kuma "sat" bakwai da "sath" sittin, bambancinsu ɗan huci ne a ƙarshe, kunnenmu ba ya saurin kamawa. Pacis 25, pacas 50. Ni shawarata, in dai an zo kan lamba, miƙa waya ko takarda ka ce "likh dijiye", rubuta min. Ba abin kunya ba ne, ba kuma za su ji haushi ba.

Jimlar fita kuma, wadda ta fi sauƙi ita ce "mujhe kamra khali karna hai", ina so in bar ɗakin. Na zaɓe ta ne don mace da namiji duk haka za su faɗa. Wasu jimlolin suna canzawa: namiji ya ce "ja raha hun", mace ta ce "ja rahi hun". Sai "hisab kar dijiye", a yi min lissafi. Kun ji hisabi a ciki, ai tamu ce ta wajen Larabci. Makulli kuma "cabi", da c ɗinmu ta Hausa.

Ɗan Kwari

Ɗalibi, Allah ya yi maka albarka. Dhai hazar ɗin nan na daɗe ina jin ta a kasuwa kafin in gane ba dubu biyu ba ce.

Maman 'yan biyu, Gombe

Sannunku. Ni lissafi ne ya so ya haɗa ni da su. Wata ɗaya muka yi a Gurgaon ni da ɗana da aka yi wa aikin zuciya. Ranar fita suka miƙo min doguwar takarda, na zauna a kujerar harabar ina bi layi-layi da yatsa, yaron yana barci a cinyata. Na ga kuɗin wanki har sau shida, alhali ni da hannuna nake wanke kayanmu a banɗaki ina shanyawa a jikin taga. Wata nas ce ta koya min jimloli biyu tun muna asibiti, ta sa na maimaita har suka zauna: "ye kis ciz ka hai?", wannan na mene ne, da "maine ye nahi liya", ban karɓi wannan ba. Na ɗora yatsa a kan layin na faɗa, muryata har rawa take. Mutumin ya dube ni, ya duba littafi, ashe na ɗakin da ke kusa da namu ne aka rubuta mana. Ya soke, ya ce "galti ho gayi, madam", an yi kuskure. Ban san ko kuskuren ne da gaske ba, na dai bar shi a haka tunda ya gyara.

'Yan'uwana mata, ku nemi lissafin tun ana gobe za ku tafi, kada ku bari sai mota ta tsaya a ƙofa. Mai gaggawa ba ya karanta takarda. Kuma ku tambayi lokacin fita tun ranar shiga, "kitne baje khali karna hai?" Wasu gyara baje ne, sha ɗaya, wasu bara baje, sha biyu. Mu jirginmu na dare ne, sai na roƙe su da "saman sham tak rakh lijiye", ku ajiye mana kaya zuwa yamma. Suka ajiye ba su karɓi komai ba, har suka bar mu muka yi sallar la'asar a wani ɗaki da babu kowa.

Mai jinyar Baba, Kano

Hajiya, Allah ya raya mana shi. Wannan ta ajiyar kaya ban san ta ba, da na sani da ban biya kuɗin rabin yini ba.

Baban Sadiya, Sakkwato

Ku dai ku tuna Indiya ba duka ake Hindi ba. Mu Chennai muka je, can Tamil ne yarensu. Na haddace 'yan kalmomina tun daga gida, na je na ce wa mai ɗaukar kaya "shukriya", ya amsa min da Turanci. Na gode a wurinsu "nandri" ne. Haka Bangalore Kannada, Hyderabad Telugu, ko da yake a Hyderabad Urdu na tafiya sosai, kalmomin nan naku za su yi aiki. Sannan masaukin da muka zauna awa 24 suke ƙirgawa daga lokacin da ka shiga. Mun shiga ƙarfe biyar na asuba, don haka kwananmu biyar na asuba yake cika. Mutum ya tambaya ya ji wane tsari suke bi.

Abu na biyu, fasfo. Doka ta sa kowane masauki ya kai rahoton baƙon ƙasar waje ga hukumar shige da fice, takardar da muka sani da Form C, shi ya sa suke karɓar fasfo ranar shiga su yi hotonsa. Na matata ya kwana a aljihun teburinsu har kwana tara ba mu lura ba, sai a mota na laluba jaka na ji guda ɗaya. Muka juya. A filin jirginsu kuwa ko ƙofar shiga ba za ka wuce ba sai jami'in tsaro ya ga fasfo da tikiti. Kafin ka miƙa makulli ka ƙirga fasfo, takardar sallama daga asibiti, da takardar likita ta izinin hawa jirgi.

'Yar Damagaram

Salamu alaikum. Mu namu ya bambanta da naku, don Faransanci muka yi a lakwal, Turancina bai wuce gaisuwa ba. Da na raka maigidana Delhi, abin da na tsinta a finafinan Indiya tun ina yarinya shi ya zama jarina. Ban san na iya da yawa haka ba sai da na shiga cikinsu. Kursi, sabun, duniya, wakt, duk na ji su kamar a gida.

Wata biyu muka yi, kusa da unguwar Nizamuddin. Matar da ke share mana ɗaki musulma ce, "didi" nake ce mata, wato yaya. Ranar da aka shiga da maigida tiyata ita ta same ni ina kuka a kan darduma, ta ajiye tsintsiya ta zauna kusa da ni, ba ta ce komai ba sai "sab thik ho jayega", komai zai yi daidai. Ranar tafiya na tanadi canji tun da wuri, domin yanzu kowa da waya yake biya, in ka ce "khulla hai?" kana neman canji sai a ce babu. Na ba mai kaya nasa, na ce "bhaiya, saman nice le jaiye", ɗan'uwa a sauka da kayan. Na ce wa na kan tebur "taksi bula dijiye", a kira mana tasi. Sannan na koma sama neman didi. Na ba ta sauran shinkafa da man girki da 'yar tukunyar da na saya, da turmin atamfa ɗaya da na zo da shi daga gida ban ɗinka ba. Ta ɗora shi a ka, ta sauke, ta rungume ni.

Na buɗe baki zan ce "phir milenge", sai mun sake haɗuwa, yadda nake ji ana faɗa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ta nuna wajen asibiti ta girgiza kai, wato kada Allah ya sake kawo mu don ciwo. Ta ce "Khuda hafiz", wato Allah ya tsare. Na ce mata Allah hafiz. Ta riƙe min jakar magunguna har bakin mota.

Mai jinyar Baba, Kano

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kwafe su duka a takarda ɗaya, zan sa masa a cikin fasfo. Ɗalibi, in ba damuwa zan turo maka ranar da za su sauka. Tambaya ɗaya ta rage min: Hajiya ba za ta iya taka matakala ba bayan aikin, yaya zai ce a ba su ɗakin ƙasa, kuma a kawo keken marasa lafiya ranar fita?

Ɗalibi a Noida

Turo kawai, Yaya, in sha Allahu zan je. Ya ce "nice wala kamra cahiye", ɗakin ƙasa muke so. Keken kuwa da sunansa na Turanci suka san shi, ya ce "wilciya cahiye", ya ƙara da "Mata ji cal nahi sakti", mahaifiya ba ta iya tafiya. Ya faɗa musu tun da safe, don ƙananan masaukai da yawa ba su da nasu, aro suke yi.