Asalin jimina da danginta: littafin aji zan bi ko sabon bincike?

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum. Mako mai zuwa zan koyar da darasi kan jimina da danginta marasa tashi, wato emu, kasowari, riya da kiwi. Littafin ɗalibaina ya ce kakansu ɗaya ne wanda ba ya tashi, kuma tsagewar tsohuwar nahiyar Gondwana ce ta warwatsa su. Sai dai binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa dangin kiwi mafi kusa shi ne ƙaton tsuntsun Madagaska da ya ɓace, ba moa ba, wani tsuntsu marar tashi da shi ma ya ɓace, wanda suka zauna tare a Niyu Zilan, kuma shi moa ya fi kusa da tinamu, wani tsuntsun Kudancin Amurka wanda har yau yana tashi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, wanne ya koyar?

Mai Kiwon Jimina: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin komai ki gaya musu jimina ba ta binne kanta a yashi, ƙwai take juyawa da baki a ramin da ta saka su. Shekara tara ina kula da su, kuma ƙwanta ɗaya ya kai na kaza 24.

Tsohon Ɗalibi: Malama, ki bi littafi, domin ni wannan tambaya ce ta ci mini shekara guda. A jarrabawar ƙarshe na rubuta cewa kakannin waɗannan tsuntsaye suna tashi, sun ƙetare teku, sannan kowane reshe ya rasa tashi a inda ya sauka, bayan ɓacewar manyan dabbobin da suka mamaye ƙasa shekara miliyan 66 da suka wuce. Na kawo hujjar cewa da rabuwar ƙasa ce ta raba su, da kiwi da moa sun zama 'yan gida ɗaya, tunda Niyu Zilan ta ɓalle kimanin shekara miliyan 80 baya. Mai duba takardar ya ba ni sifili. Na kai masa binciken har ofishinsa, bai ko buɗe ba, ya ce abin da ya koyar yake nema. Abokaina suka fita, ni na maimaita darasin, na rubuta amsar da na san ta tsufa, na ci.

Malamin Jami'a: Abin da ya same ka zalunci ne, amma ba dalilin hana yara gaskiya ba ne. Shi kuma ƙwan jimina, wanda na auna bai wuce na kaza 20 ba.

Mai Kiwon Jimina: Malam, guda ɗaya ka auna, ni kuwa ɗaruruwa sun bi ta hannuna.

Malamin Jami'a: Ban musanta ba, amma kiwo ba ya nuna dangantaka. Shimfiɗaɗɗen ƙashin ƙirjin da kake gani, marar tudun da tsokar tashi ke kamawa, shi ne ya yaudari masana shekaru da yawa, domin duk tsuntsun da ya daina tashi yana iya komawa haka ko da ba daga kaka ɗaya suka gaje shi ba.

Ɗan Kallo: Ita kanta jiminar ba ta yanke shawara ba. Sunanta na kimiyya Struthio camelus, rabi tsuntsu rabi raƙumi, ga shi ba ta tashi kuma ba ta ɗaukar kaya.

Malamar Kimiyya: Na gode, amma har yanzu ban san abin da zan rubuta a allo ba.

Mai Kiwon Jimina: Ni abin da ya fi damuna a littattafan nan shi ne har yanzu suna cewa jimina iri ɗaya ce, alhali tun 2014 aka ware ta Somaliya mai shuɗin wuya. Ba sa kuma faɗin cewa ta Larabawa ta ƙare a ƙarni na 20 saboda farauta, ko cewa mai jan wuya ta yankin Sahel ta ɓace daga mafi yawan wuraren da take a da. Malam, cikin ɗalibanka nawa ne suka taɓa ganin ta da idonsu?