Musayar Waƙa: Farautar Taska Daga Paris Zuwa Gulbin Maraɗi

Ɗan Gulbi:
Sallama gare ku, ga zance na kawowa,
Wasan farautar taska na Faransawa.
A 1981 aka fara nunawa,
Jacques Antoine ne ya yi tsarawa.
'Yan gasa a Paris, ɗaki suke zaunawa,
Littattafai da taswira ke gabansu don dubawa.
Philippe de Dieuleveult ne mai nema, ƙasa-ƙasa yake yawatawa,
Jirgi mai saukar ungulu ke ɗauka da saukewa.
Ba sa ganinsa, murya kaɗai ke isowa,
Su warware kacici-kacici, su faɗa masa inda zai yi dubawa.
Malam, in a Maraɗi za a yi, ta ina ake somawa?

Malam Na-Zariya:
Ƙanena, bar batun jirgi tukuna,
Kacici-kacici shi ne ginshiƙi a wurina.
Fara zaɓen maɓoya, ka je ka gani da rana,
Sannan ka rubuta baiti, daga ƙarshe kake ginawa a nan.
Amsa ɗaya tak, kada ta rabu gida biyu a ma'ana:
Tibiri biyu gare mu, na Gobir da na Dosso can,
In ba ka bambanta ba, ka ɓatar da mai nema da kwana.
Gwada wa mutum 3 kafin ranar nuna,
Duk suka warware nan take, ya yi arha, sake shi ƙanena.
Ba wanda ya gane, amsar ba ta cikin littafin da ka ba su, gyara shi da kyau, ka auna.
Misali: tafki da kaburburan waliyyai 99,
Madarunfa ke nan, sai alama ta biyu ta kai ga itacen da ka nuna.
Kusa da kabari kuwa, ba a ɓoye komai, akwai alfarma a can.

'Yar Tibiri:
Malam, ka gyara baiti, saura murya,
In ta yanke, wasa ya faɗi a hanya.
Ƙarar farfela tana cinye magana gaba ɗaya,
Makirfo dab da leɓe, a sa masa soso kariya.
Oba-oba ba ta son tudu tsakaninta da abokiya,
In an gangara kwari, a kafa na'urar maimaita murya bisa tsauni ɗaya.
Batir 2 na ajiya, a inuwa, zafi na sa su gajiya.
Kada a ce wa mai nema hagu ko dama, ya juya ya sake juya,
Gabas da yamma ake faɗi, su ba sa sauya.

Mai Kamara:
Hajiya, gaskiyarki, ni ƙura ce damuwata,
Hazon hunturu na hana jirgi tashi, hoto ya ɓata.
Saukar ungulu kan rairayi, gilashin kamara ya lalata,
A yayyafa ruwa a fili, a kori dabbobi da yara nesa da ita.
Da damina Gulbi na kawo ruwa, kada mai nema ya ƙetare ta,
Bayan girbi ya fi, sama garau, hanya ta bushe ta gyaru a bi ta.
Ba jirgi? Kabu-kabu 2 sun isa, ɗaya na mai nema, ɗaya kamarata.

Ɗan Gulbi:
Yaya, saura takarda, ita ma sai an nemo,
Izinin ɗaukar hoto daga hukuma a karɓo.
A gai da Sarki a fada, mai gari ya san an zo,
In taska na Katsina, ta Ɗan Isa za a ratso,
Jerin kayan aiki ga kwastan, tun kafin ranar a miƙo.