Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: gori ne ko shaida?

Uwar Biyu: Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata ce ta je gidan da ake ajiye dabbobin da aka yasar, ta kafe sai wata tsohuwar mage mai ciwon ƙoda za ta ɗauka, duk da ma'aikatan ba su ɓoye mata komai ba. Yayarmu da ta ji sai cewa ta yi kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙanwar ta ji zafi wai gori ne, ita kuma Yaya ta rantse ba haka take nufi ba. Toh ku raba mana gardama, ina maganar nan ta dosa?

Malam Na-Gefe: Wa alaikumus salam. Yadda na tashi na ji manya na faɗinta, ana rufe bakin mai ƙorafi ne da ita, wato ka gani da idonka ka shiga, kar ka dawo kana kuka. Kuma akwai abin gani ɗin, don ciwon ƙoda a mage ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Za ta ga magen tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari ya yawaita, tana ramewa a hankali, wata rana ta shinshina abinci ta juya baya. Abincin ma sai wanda aka rage wa sinadarin fosforos, ga gwajin jini lokaci zuwa lokaci, wasu in abin ya yi nisa har ƙarin ruwa ake koya wa mai su ya riƙa yi musu ƙarƙashin fata a gida.

Mai Kyanwa: Malam da girmanka, ni ban yarda a tsaya nan ba. Wa ya taɓa sayen rariya don ya ajiye ruwa? Mai sayenta ba a cuce shi ba, ya san hujojin nan sarai kuma ya biya. Ni a wurina shaida ce aka yi wa yarinyar nan cewa ta san abin da ta ɗauka. Wanda ya ɗauki 'yar kyanwa lafiyayyiya ma ai rariyar ya saya, mage na kai shekara 15 har fiye a cikin gida kuma ciwon ƙodan nan shi ne ke yawan kama su in sun tsufa, bambancin kawai ita an gaya mata tun ranar farko.

Ɗan Auta: Ni fa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku duba mage mai ciwon suga, yawanci allurar insulin sau 2 a rana, awa 12 tsakani, babu Asabar babu Lahadi, in tafiya ta kama ka sai ka nemo wanda hannunsa ba ya rawa da sirinji. Tausayi na minti biyar a gaban keji daban, wannan daban. A ɗauko ta, ta saba da gida, sannan a mayar da ita, wlh wannan ya fi barinta can ciwo.

Mai Kyanwa: Wannan kam gaskiya ne ɗan'uwa, amma ba duk mai lalura ke da wannan wahalar ba. Mutane na jin FIV, wato ciwon da ke raunana garkuwar jikin mage, sai su ja da baya alhali ba ya kama mutum, tsakanin maguna ma ta cizo mai zurfi ya fi yaɗuwa, irin na faɗan muzurai, kuma da yawansu suna shekaru lafiya lau in ana kula da haƙoransu ba a barinsu yawo. Ciwon sugan ma akwai magunan da ke daina buƙatar allura in an kama shi da wuri.

Hajiya Babba: 'Ya'yana duk kun faɗi daidai, ita karin magana baki biyu gare ta, ya danganta da lokacin da aka faɗe ta. Kafin a ɗauko, nasiha ce. Bayan an ɗauko, mutum na zaune tsakar dare da dabba tana amai, sai a jefa masa ita, wannan gori ne kuma babu kyau. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, don haka amana ce ba wasa ba. Uwar Biyu ki ce wa ƙanwarki ta karɓi duk takardun asibitin magen, ta kai wa likitan dabbobi ya duba kafin ta sa hannu, ta tambayi matakin da ciwon ya kai da abin da zai riƙa ci duk wata. Kuma don Allah kar ranar da ta ga magen ba daɗi ta ba ta paracetamol, ko ƙwaya ɗaya na iya kashe mage.

Malam Na-Gefe: Hajiya na karɓi batun lokaci. Amma a tambayi ita Yayar, in ƙanwar ta yi tafiya za ta riƙe mata magen kuwa?