Me za mu kira "sailing" da Hausa?

1/ Jama'a, ga wata kalma da ke wahalar da masu fassara: "sailing". Tuƙin jirgin ruwa ne ba da inji ba, sai da wani makeken ƙyalle da ake ɗaurewa a jikin dogon ginshiƙi, iska na jan sa. Wasan yana cikin gasar Olamfik tun 1900 a Paris, amma har gobe in labarinsa ya zo sai mu ce "tseren kwalekwale" mu wuce. To, su masu tuƙi da ƙarfin damtse fa, me za mu ce suna yi?

2/ Wani ya kawo "jirgin iska". Malam, iska ba ta da kyakkyawan suna a Hausa. Gwada cewa wane ya fita yawon iska da la'asar, ka ga irin kallon da za a yi maka.

3/ An kuma ce "jirgin tanti", an ce "jirgin tuta". Tanti inuwa yake bayarwa, tuta kaɗawa kawai take yi. Ba mai jan komai a cikinsu.

4/ A ganina sai mun kalli abin yana aiki tukuna. A mashigin tekun San Faransisko da ke Amurka, inda aka yi gasar tseren irin waɗannan jirage ta America's Cup a 2013, iskar bazara kan kunno ta ƙarƙashin gadar Golden Gate da yamma, takan haura kilomita 35 a awa guda. Jirgi ya kishingiɗa har gefensa na shan ruwa, mutanen ciki su koma ɗaya gefen su zauna a baki, su ranƙwafa baya don kada ya kife. In ta ƙara tsananta sai a sassauta igiya, a sauko da ƙyallen kaɗan, a naɗe ƙasansa a ɗaure. Duk da haka jirgin na iya nufar inda iskar take fitowa. Ba ya yi mata gaba da gaba, a karkace yake yankar ta, kusan digiri 45, ya yi dama ya dawo hagu. Da buhun tara iska ne kawai, da hakan bai yiwu ba. Ƙyallen lanƙwashewa yake yi, iska ta bi ta fuskokinsa biyu, kamar fiffiken tsuntsu.

5/ Shi ya sa na tsaya a kan "filafili". Da ma mun san shi a hannun mai kwalekwale, mun san shi a jikin fanka: abu mai faɗi da ke yankar ruwa ko iska ya haifar da motsi. Sai mu ce jirgin filafili, tuƙin filafili, in guguwa ta taso kuma "a rage filafili". Baki ba ya harɗewa.

6/ Wata baiwar Allah ta ce za a ɗauka helikwafta ake nufi. Hajiya, wannan ai tuni ya samu sunansa, jirgi mai saukar ungulu.

7/ Saura tafiyar nan ta dama da hagu. "Kwana-kwana" ce ta dace, sai dai masu kashe gobara sun riga mu. Wa ke da wata?